Tsohon man suya a tankin jirgi

A 2025 matatar Cosmo Oil da ke Sakai a Japan ta fara haɗa man jirgin sama da tsohon man suya, an tsara mata lita miliyan 30 a shekara. A ganina tarawar ta fi tatar wuya. Kamfanin Revo International ne ke bin gidajen abinci yana kwaso tsohon man. In mai abinci ya bar ruwa da ɓurɓushin suya a jarka, man ya yi tsami, aikin tacewa ya ƙaru. Bayan an sarrafa shi da haidurojin, sai a gauraya da kananzir ɗin jirgi, kada ya haura kashi 50 cikin 100. Ga masu haɗa abincin dabbobi da masu fitarwa waje su ma suna rububin tsohon man, farashi sai hawa yake.