Shekarun wasa da gaggawar kaye a Yamai

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama aka koma makaranta, titunan Yamai sukan cika tun da sanyin safiya da yara ƴan shekara uku da huɗu, kowane an rataya masa jakar da ta kusa kai masa gwiwa, wasu a kan babur suna gyangyaɗi a ƙirjin ubanninsu. Jardan ake kai su, wato makarantar share fage ta kafin firamare, kuma ni ba ni da ja a kan a tara ƙananan yara wuri guda a kula da su, musamman a garin da uwa da uba duk suke fita neman abinci. Jayayyata tana kan abin da jardan ya koma a yawancin makarantu masu zaman kansu da na leƙa, inda aka ɗauko aikin ajin CI, wato ajin farko na firamare, ɗungurungum aka ɗora wa yaron da bai gama iya ɗaure wandonsa ba: zama a benci hannu a harɗe, kwafar baƙaƙen Faransanci daga allo, sannan aikin gida da maraice.

A tsarin gwamnatin Nijar yaro yana shiga CI ne yana ɗan shekara bakwai, ana kuma karɓar ɗan shida, ya yi shekara shida a firamare har ya kai CM2. Mu da muka tashi a gidajen Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan adadi, domin hadisi ya ce a umarci yara da salla suna ƴan shekara bakwai, wato lokacin da suka fara rarrabe dama da hagu kuma suke iya natsuwa su bi ƙa'ida. Amma a yau abin alfahari a zaman suna ko na biki shi ne uba ya ce ɗansa ya shiga CI da shekara biyar, ko kuma an tsallake masa aji saboda ƙoƙarinsa.

Yayata ta nuna mini kayen ɗanta mai shekara huɗu, wato littafinsa na rubutu, tana murna. Shafi bayan shafi harafi guda ne aka maimaita a tsakanin ƴan siraran layukan nan na kayen Faransa, a saman shafi rubutun yana tsaye daidai saboda hannun madam ne ya riƙe nasa, daga tsakiya ya fara karkacewa, can ƙasa kuma fensir ya huda takardar don tsabar dannawa. Jan bik ya kewaye duk harafin da ya haura layi. Aka kira yaron ya karanto mana wata hadda ta Faransanci, ya zuba ta tiryan-tiryan ba tuntuɓe, amma da na tambaye shi da Hausa ko labarin me take bayarwa, sai ya dubi uwarsa ya yi shiru. Na ce, "Yaya, ai wannan aiki ya yi masa nauyi." Ta ce, "Kai dai Auta ka cika jan magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kuɗi nake biya, dole in ga abin da ake koya masa."

Karin maganar gaskiya ce, sai dai tarbiyya take nufi, kuma babu wanda ya ce a bar yaro ba gaisuwa ba kunya har sai ya shekara bakwai. Karatun takarda kuwa yana da abubuwan da yake hawa a kansu, kuma idan babu su to sai dai a yi hadda. Yana buƙatar kalmomi masu yawa da yaro ya riga ya sani a baki, da kunnen da ya saba jin yadda kalma take rarrabuwa gaɓa-gaɓa, da yatsun da suka yi ƙwari har suna iya sarrafa alli ba tare da an damƙe shi kamar wuƙa ba, da kuma iya tsayar da hankali a kan abu guda na ɗan lokaci. Duk waɗannan ta magana da wasa suke samuwa. Yarinyar da take carafke tana ƙirga duwatsu tana kuma horar da idonta da yatsunta, wadda take gaɗa tana koyon kari da amsa-amo, yaron da yake langa yana koyon bin doka da haƙurin shan kaye, wanda kuma kakarsa take yi wa gatana da dare yana koyon cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana kuma tara kalmomin da ba zai ji su a hira ta yau da kullum ba.

A bayan gidanmu a Bukoki akwai wasu yara da suke ƙera motoci da gwangwanin madara da waya da tsoffin silifa. Babbansu, wanda bai wuce shekara shida ba, yakan ɗora murfin kwalba a kan silifar ya zagaye shi da ƙusa kafin ya yanka, domin ya gane da kansa cewa idan tayoyin huɗu ba su zo daidai ba motar za ta riƙa zillewa gefe. Suna gardama a kan wanda zai zama direba da wanda zai karɓi kuɗin mota, kuɗin kuwa murafun lemo ne, kuma ana ba da canji. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gardamar tana gudana da Hausa da Zabarmanci a lokaci guda, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu harshen maƙwabta. Yaron Yamai yakan mallaki harshe biyu a bakin ƙofar gida kafin ya kai shekarun lakwal, sannan mu kai shi ajin da za a hana shi magana da dukansu biyun, mu kuma kira wannan ci gaba.

Ƙasashen da muke jin sunansu a fagen ilimi ba su yi ittifaƙi a kan gaggawa ba. A Ingila yawancin yara suna shiga makaranta da shekara huɗu, amma a Finland da Estoniya sai a shekarar da yaro zai cika bakwai, kuma ɗaliban waɗannan ƙasashe biyu suna cikin na gaba-gaba a Turai a jarrabawar PISA da ake kwatanta ƙoƙarin ɗaliban ƙasashen duniya da ita. Ita kanta Faransa da muka gaji tsarinta, ko da yake tun 2019 ta wajabta karatu daga shekara uku, ainihin koyon karanta rubutu a ajin CP, ajin farko na firamarensu, ake yin sa, yaro yana ɗan shida, kuma da harshen da yake ji a gida. Wani mai bincike, Sebastian Suggate, ya kwatanta yaran New Zealand da aka fara koya wa karatu da shekara biyar da waɗanda aka bari sai bakwai, ya tarar cewa zuwa shekara 11 na bayan sun kamo na gaban. A Denmak, Thomas Dee da Hans Henrik Sievertsen sun nuna a 2015 cewa jinkirta shiga makaranta da shekara guda yana rage rashin natsuwa da rawar kai, kuma tasirin yana nan har shekara 11. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne binciken jami'ar Vanderbilt a jihar Tennessee ta Amurka, da ya bi yara kusan 3,000 kuma aka buga sakamakonsa a 2022: waɗanda suka shiga ajin share fage na jihar sun fi saura ƙoƙari a farkon shiga makaranta, amma da aka kai aji shida sai aka same su a baya a jarrabawa, kuma sun fi yawan laifin da ake hukuntawa.

Namu yanayin ya ma fi nasu buƙatar haƙuri. Ɗan Finland yana koyon karanta harshen uwarsa, wanda ake rubuta shi yadda ake furta shi kamar bokon Hausa, alhali namu yaron yana kokowa da baƙon harshen da sauti guda yake zuwa a siffar o da au da eau, ga kuma haruffan da ake rubutawa ba a furta su. A gwajin PASEC na 2014, wanda ake auna ƙoƙarin ɗaliban firamare na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da shi, ɗaliban Nijar da suka kai ƙarshen firamare suna fahimtar abin da suka karanta yadda ya kamata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Cunkoson aji da ƙarancin littattafai da rashin horon malamai suna da babban kaso a wannan, amma ban ga yadda fara irin wannan hadda tun shekara uku zai warkar da shi ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram da take fara koyarwa da Hausa kafin a shiga Faransanci, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka ba sabon abu nake roƙo ba idan na ce a bar ɗan jardan ya yi waƙa da tambaya da harshen da yake mafarki da shi.

Jinkirin da nake nufi ba shi ne a miƙa wa yaro waya ya wuni yana kallon bidiyo ba, ba kuma a ɗora wa yarinya tiren talla ba ne, domin waɗannan sun fi mummunan jardan illa. A Kingston ta Jamaika, a shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da tamowa ta tsumbure sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da ƴaƴansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa wannan aiki ba da kusan kashi 25 cikin 100. Babu allo babu kaye a cikin wannan aiki, babban mutum ne kawai da ya ba yaro lokacinsa.

Da lokacin neman wa ɗiyata wuri ya yi, ban duba fentin bango ko kyan tufafin makaranta ba. Na duba ko akwai inuwa da yashi a tsakar gidan, ko ana jin muryoyin yara ko kuwa ta madam kaɗai, ko ana ba su labari, da kuma abin da yake faruwa idan yaro ya amsa da Hausa ko Zabarmanci. A wani jardan da na fi natsuwa da shi na tambayi shugabar dalilin da ya sa suke ba ƴan shekara huɗu aikin gida, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, mu ma an horar da mu a kan wasa da waƙa da laka, amma idan kaye ya koma gida babu rubutu a ciki, wata mai zuwa sai uban ya cire ɗansa ya kai makarantar da ke kallonmu." Muka daidaita da ita a kan cewa tawa ɗiyar za ta riƙa zuwa da safe kawai, ba za a ba ta aikin gida ba, kuma ba za a rubuta ta a CI ba sai ta cika shekara shida.