Idan Likita Ya Ɗauki Kukan Wanda Aka Danne a Matsayin Hauka

A shekarar 1851 wani likita a jihar Luwiziyana ta Amurka mai suna Samuel Cartwright ya sanar da cewa ya gano wata cutar ƙwaƙwalwa da ba ta kama kowa sai bayi baƙaƙen fata. Alamarta guda ce, wato bawa ya tsere daga gonar ubangidansa. Ya raɗa mata suna drapetomania, kuma cikin hanyoyin rigakafin da ya bayar har da bulala. Duk sa'ad da na tuna wannan labari, abin da yake tsaya mini a rai shi ne yadda mutum mai ilimi ya dubi wanda ke neman 'yancinsa, ya rasa abin da zai gani a tare da shi sai cuta.

Da a ce abin ya tsaya a zamanin bauta, da sai mu ce tarihi ne. Amma a 1954 gwamnatin mulkin mallaka ta Kenya ta sa likita J. C. Carothers ya rubuta rahoto kan 'yan Mau Mau, masu tawaye ga mulkin Turawan Ingila, shi kuwa ya jingina tawayen ga halin ƙwaƙwalwar 'yan ƙabilar Kikuyu, ya kau da kai daga ƙasar noma da aka ƙwace musu. A daidai wannan lokaci Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Matinik, yana aiki a asibitin Blida da ke Aljeriya, inda yake duba waɗanda aka azabtar da kuma masu azabtarwar. A 1956 ya ajiye aiki, domin ya ga babu ma'ana a yi wa mutum magani sannan a mayar da shi cikin tsarin da ya raunata shi tun farko. A ganina, daga nan tushen abin da ake kira jinya mai adawa da danniya ya fito, wato jinyar ƙwaƙwalwa da take la'akari da wariya da danniyar da majinyaci yake fuskanta, ko da yake sunan ya zo daga baya.

A Ingila ta yau, alƙaluman hukumar lafiya suna nuna cewa yiwuwar a tsare baƙar fata a asibiti ba da son ransa ba, a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, ta ninka ta farar fata fiye da sau uku. Olaseni Lewis, matashi ɗan shekara 23, ya kwanta a asibitin Bethlem da ke Landan da yardarsa a 2010, amma 'yan sanda 11 suka danne shi har ya suma, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Iyayensa suka yi ta fafutuka har aka kafa doka a 2018 wadda ta wajabta wa irin waɗannan asibitoci rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi a kan majinyaci. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin saurayin da ya ƙi zuwa asibiti ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma jinkirin nan shi ne yake sa a ƙarshe ya isa can a motar 'yan sanda.

To, me wannan hanyar jinya take yi dabam? Idan mace ta ce a wurin aiki ana sa mata ido fiye da kowa, likita ba ya gaggawar rubuta cewa tana da mugun zato, sai ya fara tambayar ko abin da take faɗa yana faruwa. Haka nan yana sane da cewa alƙalaminsa yana iya sa a tsare mutum, don haka yakan fito da wannan bambancin iko fili maimakon ya yi kamar babu shi. Cibiyar Nafsiyat da Jafar Kareem ya kafa a Landan a 1983 ta daɗe a kan wannan turba, tana sauraron mutane da harsunansu na gida. Sunan ma ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, tunda yana kama da kalmar nafsi.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Bahaushen da ke zaune a Manchesta ko Niyok, idan ya ce wa likita an yi masa sammu, ko iska ta taɓa shi, yana amfani ne da kalmomin da ya tashi da su don bayyana damuwarsa, amma wanda bai san al'adar ba yana iya rubuta wannan a matsayin alamar taɓin hankali. Littafin tantance cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ya ƙunshi tambayoyi 16 da aka tsara don kauce wa irin wannan kuskure, ciki har da tambayar yadda majinyaci zai kwatanta matsalarsa ga danginsa.

Ina da ƙorafi ɗaya kan wasu masu yaɗa wannan ra'ayi, waɗanda suke magana kamar kowane ciwo daga wariya ya samo asali. Akwai cutar da take buƙatar ƙwaya da kwanciya a asibiti, ko da an kawar da wariya daga doron ƙasa. Kuma kasancewar likita baƙar fata ba ya tabbatar da cewa zai saurare ka, domin ana samun danniya tsakanin mai kuɗi da talaka, da tsakanin namiji da mace, a cikin launi guda. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen gari tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, amma bai daina ba su maganin asibiti ba.