Kafin a ce "a yi mata fomatin"

Duk kwamfutar da ta fara nauyi a garin nan na Jos, magani ɗaya mutane suka san mata: a yi mata fomatin. Tamu ta makarantar Islamiyyar da nake riƙe wa rajista a Anguwan Rogo ta sha wannan magani har ta ƙoshi. A kai ta wajen masu gyara a Terminus, a share komai, a zuba sabon Windows da tarin manhajojin da ba wanda ya roƙa, ta dawo da ɗan kuzari. Kafin zangon karatu ya ƙare ta koma gidan jiya. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Laftof ce 'yar Beljiyam ƙirar 2012, Core i5 ƙarni na uku, da RAM 4GB da had-disk mai 500GB. Da Windows 7 ta zo, daga baya aka ɗaga ta zuwa Windows 10. Aikinta ba wani mai yawa ba ne: buga tambayoyin jarrabawa da Hausa da Larabci da Turanci, shigar da sakamakon ɗalibai, da lissafin kuɗin makaranta. Amma ta kai sai in kunna ta, in je in zagaya azuzuwa in dawo, in tarar tana ta juya 'yar ƙawanyar nan. Da kwamitin makaranta ya fara maganar a sayi sabuwa, sai na ce a ba ni ita in duba tukuna.

Abin da na fara yi bai ci ko sisi ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, na zauna ina kallon lambobi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana aikinta hankali kwance. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai, ta kusa cika. Had-disk kuwa ya kafe a kashi 100, ko da ban taɓa komai ba. Nan ciwon yake. Had-disk irin na da faifai ne da ke juyawa sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da ke zirga-zirga a kansa yana neman inda aka ajiye abu. Windows 10 kuma ba ya zama shiru, kullum yana karanta ƙananan fayiloli, yana duba sabuntawa, yana binciken ƙwayoyin cuta. Idan RAM ta cika, sai ya riƙa sauke rarar kayan a kan wannan faifan da dama can ya gaji. Fomatin yana rage wa faifan kaya na ɗan lokaci ne kawai, ba ya sa shi ya fi yadda aka ƙera shi sauri.

Kafin kowa ya kusanto ta da sukundireba, na kwashe fayilolin makaranta zuwa wuri biyu, filash da kuma wani had-disk na waje, na buɗe wasu daga ciki a wata kwamfutar don in tabbatar sun kwafu lafiya. Sakamakon yara na shekaru ne a ciki, ba abin da za a yi caca da shi ba.

Da na je shago na ce SSD nake so a saka, wato sabuwar irin ma'ajiya mai maye gurbin had-disk, sai mai gyaran ya ce, "Malam, wannan ai ta tsufa, kada ka zuba kuɗi a rijiya. Bari in yi maka fomatin kawai." Na ce, "Injiniya, buɗe ta dai mu gani." Ya yi dariya, ya kife ta a kan tebur, ya zare murfin ƙasa. Abin da nake so da kwamfutocin ofis na wancan zamani ke nan, komai a fili yake: ga had-disk, ga ramuka biyu na RAM, ga fanka. Da yawa daga cikin siraran na yanzu an liƙe musu RAM a jikin allo, ba ƙari ba ragi.

SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki. Irin wanda ke shiga gurbin tsohon had-disk, mai inci 2.5 da mahaɗin SATA, yana karanta kusan 500MB a daƙiƙa, inda tsohon faifan ke fama da wajen 100MB, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Na ɗauki mai 256GB, ya ishe mu. Kafin in biya sai da muka duba shi da CrystalDiskInfo, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke nuna lafiyar ma'ajiya da yawan awannin da ta yi tana aiki. Kasuwa ce, ana iya miƙo maka tsohon kaya a sabon kwali, kuma lambar awannin nan ita ke tona asiri. Tsohon had-disk ɗin ma ba a yar ba, an saka shi a ɗan gida mai wayar USB ya zama wurin ajiyar kwafi.

RAM kuma sai an karanta takardar da ke manne a jikinta. Tamu DDR3 ce, an rubuta PC3. Akwai 'yar'uwarta DDR3L, mai rubutun PC3L, wadda ke aiki da wuta 1.35V maimakon 1.5V, kuma laftof masu Core ƙarni na huɗu ita suke buƙata. DDR4 kuwa ba ta ma shiga ramin, tsagar jikinta ba a wuri ɗaya take ba. Muka ƙara 4GB a ramin da ke wofi, ta zama 8GB.

Wurin fankar ne ya ba ni mamaki. Mu mutanen Jos muna ganin tunda garinmu na rigar sanyi ne, zafi ba zai dami na'ura ba. Amma ƙurar hunturu ba ruwanta da sanyin gari. Da ya ɗaga fankar, tsakaninta da haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, sai ga wata dunƙulalliyar ƙura ta toshe hanyar ɗungurungum. Da hantsaki ya zaro ta, ta fito a haɗe kamar tsumman goge allo. Furosesa idan ta yi zafi da yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai mai ita ya ɗauka tsufa ne. Ya kwance bututun tagullar da ke kwashe zafi, ya goge busasshen man da ke kan furosesar wanda ya riga ya zama gari, ya ɗiga sabo ɗan ƙanƙani. Na lura ya dafe fankar da yatsa lokacin da yake hura mata iska, don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Ya kuma canja ɗan batirin agogon nan mai siffar kwabo. Idan ya mutu kwanan wata yakan koma baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana cewa ba su da aminci, mutum ya yi ta zagin masu sayar da data a banza.

Da wannan kaɗai kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kafin in gyara zama ta gama tashi.

Sai dai sauri daban, tsaro daban, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kansa. Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Kamfanin ya sanar da ƙarin shekara guda ta sabuntawar tsaro ga masu siga ta 22H2 da suka yi rajista, amma wannan jinkiri ne kawai. Kwamfuta ba ta mutuwa ranar da wa'adi ya cika, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da ake ganowa, alhali tamu kullum cikin karɓar filash ɗin malamai take, ana kuma shiga imel da ita.

Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, tamu kuwa ta uku ce. Injiniya ya ce zai iya tsallake wannan shinge da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filash da ita, kuma gaskiya ne ana yi. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga kwamfutar da aka saka wa ta wannan hanya ba. Da tawa ce ta gida da na gwada. Ta makaranta, wadda in ta tsaya ranar jarrabawa ni za a nema, ban yarda ba.

Na zaɓi Linux Mint 22, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, nau'in Xfce mai sauƙin nauyi. Kyauta ne, an gina shi a kan Ubuntu 24.04, kuma yana da sabuntawa har zuwa 2029. Fayil ɗinsa ya kusa 3GB, don haka da datar dare na sauke shi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ana iya tayar da shi daga filash a gwada ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A haka na duba Wi-Fi da sauti da firinta, duk suka amsa, sannan na girka.

Ba zan ce babu wahala ba. Babu Word, sai LibreOffice Writer. Da na buɗe tsofaffin takardun jarrabawa, layuka sun goce, tambayar da ke ƙarshen shafi ta tsallaka na gaba. Dalilin shi ne an rubuta su da salon haruffa na Calibri, wanda babu shi a can. Da na saka Carlito, wanda faɗin haruffansa ya yi daidai da na Calibri, yawancinsu suka koma mazauninsu. Larabci na koma buga shi da Amiri, wasullansa suna zama daram a kan baƙaƙe, har malamin Tajwidi ya ce, "Malam, wannan rubutun ya fi na da kyau." Allon rubutun Hausa mai ɗ da ƙ da ɓ yana cikin saituna, ƙara shi kawai na yi. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop kuwa, kamar masu buga katin biki, wannan hanya ba tasa ba ce, gara ya tara kuɗi ya nemi mai ƙarni na takwas ko sama.

Yanzu ranar Alhamis, da yake babu karatu, nake buɗe Update Manager in bar shi ya yi aikinsa, amma sai na ga batir ya cika, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa tana iya hana kwamfuta tashi. Timeshift yana ajiye hoton tsarin yadda in wani abu ya lalace za a koma baya, sai dai bai shafi takardunmu ba, su da hannu nake kwafe su zuwa tsohon had-disk. Ba na barin SSD ya cika maƙil. Na hana a ɗora ta a kan darduma ko cinya tana aiki, tunda ta ƙasa take shaƙar iska, kuma in an tashi ana rufe ta da ƙyalle. Fankar kuma na sa a ka'idar ofis a riƙa buɗe ta ana sharewa duk ƙarshen hunturu, wajen watan Maris, kafin a shiga jarrabawar zango na biyu.