Sati bakwai a kwance da littattafan uwargida

Ni fa da ina cikin masu yi wa mata dariya idan na gan su sun duƙufa a kan waya suna karatun nobel, har tsokanar uwargida nake ina cewa wannan karatun naki da a jami'a kika yi shi da tuni kin zama farfesa. To tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani mai adaidaita ya kwashe ni a kan babur wajen Ƙofar Nassarawa, ƙafar hagu ta karye a ƙauri. Mai ɗori ya ɗaure ya ce sati shida kar in taka, ƙarshe sai da na yi bakwai. Satin farko gida cike da 'yan dubiya, na biyu suka ragu, zuwa na uku kam daga ni sai silin sai ƙarar janareton maƙwabta. Ranar nan gajiya ta ishe ni na ce, "Maman yara, turo min ɗaya daga cikin abubuwan nan naki in gani." Sai da ta yi dariya har da riƙe ciki sannan ta ce, "Malam, yau kai da bakinka? To wanne kake so, na soyayya ko na kishi ko na aljanu?" Na ce kowanne ki ba ni ɗaya. Kafin in miƙe na buɗe goma sha ɗaya, na kai ƙarshen takwas.

Da na soyayya na fara, kuma gaskiya saura kaɗan in ajiye abin gaba ɗaya tun a nan. Saurayin shekararsa 29, fari dogo mai saje, miskili ba ya magana, ga kamfani a Abuja ga wani a Dubai, kuma likita ne, kuma wai soja ne a ɓoye. Yarinyar kuwa tallan awara take yi a wani ƙauye, motarsa ta fantsama mata ruwan taɓo ta zage shi ya mare ta, shi ke nan ka san inda za a ƙare tun daga feji na biyu. An ɓata layi kusan ashirin wajen bayanin kalar shaddarsa da sunan turarensa da agogon hannunsa, amma har littafin ya ƙare ban ga ranar da ya duba mara lafiya ko ɗaya ba. Ga Turanci kamar ruwan sama, mutum yana magana da kakarsa rabi Hausa rabi Turanci. Na tambayi uwargida wai dama haka suke duka? Ta ce a'a, da gangan ta fara ba ni wannan don ta ga ko zan jure.

A nan ne kuma na koyi yadda kasuwar take tafiya yanzu. Ni abin da na sani a da shi ne 'yan siraran littattafan nan da yayyenmu mata suke ɗaukowa haya ko a sayo musu a Sabon Gari, kashi na ɗaya da na biyu har na huɗu, waɗanda malaman jami'a suka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano. Yanzu kusan komai ya koma waya, WhatsApp da Wattpad da Telegram, wasu kuma a karanta a ɗora a YouTube mace tana wanke-wanke tana saurare. Marubuciya za ta saki feji goma ko sha biyar kyauta, daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta tsaya ta ce mai son ci gaba ya yi transfa ya turo shaidar biya a sa shi a gurup, har da lamba ta daban don mutanen Nijar masu biya da sefa. Ban ga laifin wannan ba, taifin a waya kullum ba ƙaramin aiki ba ne kuma ga masu satar littafin suna yaɗawa kyauta. Amma tsarin yana cin labarin. Tunda kullum sai an saki feji, kuma kowane feji sai ya ƙare a inda zuciya za ta tsinke, sai ka ga an yi ta ƙirƙiro hatsari da suma da ɓatan tunani. Akwai wanda na biya naira 1000, labarin ya ƙare tsaf a feji na 40 amma aka ja shi har 120, jarumar ta suma sau shida, na ƙirga.

Na biyun da ta ba ni shi ya rufe min baki. Labarin gidan wani direban tifa ne mai mata biyu, ba mai kuɗi a ciki, ba wanda ya je Dubai. Akwai wajen da uwargidan take auna shinkafa da gwangwanin madara ranar girkin amarya, ta cika gwangwani ta sa yatsa ta share kan, ta sake sharewa, amarya tana tsaye da roba a hannu ba ta ce komai ba, sai da ta juya za ta tafi sannan ta ce, "Yaya, yau har da baƙin maigida fa." Ita kuma ta ce, "Na sani." Ba zagi ba dambe ba boka, amma wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don na san gidan nan, a irinsa na tashi. Da aka zo kotu ma marubuciyar ta san abin da take faɗa, ta san yadda ake zama a benci ana jiran a kira ƙara, ta san alƙali zai fara neman sulhu ya ce a turo waliyyai, ta san idan mace ce ta nemi khul'i maganar mayar da sadaki za ta taso, da yadda ake ɗaga shari'a sati biyu a dawo a sake ɗagawa har kuɗin mota ya gagari mace. Kana karantawa ka san ko dai ta taɓa zama a wajen ko ta raka wata. Tun daga nan na daina tambayar wane irin littafi ne, na koma duba ko mai rubutun ya san wajen da ya kai ni.

Na aljanu biyu na karanta. Ɗaya shirme ne, aljani ya zo da mota da wayar hannu yana soyayya kamar ɗan Nasarawa GRA. Ɗayan kuwa da daddare na karanta shi nepa ta ɗauke, kuma na yi da-na-sani don mai karaya ba ya iya gudu. Abin da ya sa ya kama ni shi ne ba a nuna aljanin ba sam, sai dai kullum da asuba a tarar da turmi ya bar inda aka ajiye shi, sai yarinyar gidan ta fara amsa sallamar da ba wanda ya ji. Kuma rikicin gaske ba ma na iska ba ne, na mutanen gidan ne, uba ya ce ruƙiyya, kaka ta ce a kai ta wajen masu bori a yi girka, yayanta da ya yi karatun jinya ya ce a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne zai kashe ta. Har aka gama ba a ce ga mai gaskiya ba.

Littafin yaƙi kuwa wani ƙanina ne ya kawo min, bugagge, ya ce in huta da na mata. Sadaukai da matsafa da takubba masu suna, birane masu ƙofa dubu, kana gani ka san jinin Dare Dubu da Ɗaya ne. Na ji daɗinsa kwana biyu, Hausar ma ta fi ta sauran nauyi da kirari, amma idan jarumi ya kashe dakaru dubu arba'in shi kaɗai a shafi na goma to me kuma zai ba ni tsoro a shafi na ɗari? Ban gama ba.

Wanda ya fi ba ni haushi na binciken kisan kai ne, don shi na fi sa wa rai. Farkon ya yi kyau, an tsinci gawar wani ɗan kasuwa a shagonsa an kulle ta ciki. Sai ga jami'i ya iso da safar hannu yana ɗaukar zanen yatsu, ya tura ɗakin gwaje-gwaje sakamako ya fito cikin awa ɗaya, ya danna kwamfuta hoton mai laifi ya bayyana. Haba jama'a. Duk wanda aka taɓa yi wa sata a unguwa ya san ba haka abin yake ba, mai unguwa za a fara kira, 'yan sintiri su zo, kafin jami'ai su iso mutum hamsin sun shiga sun fita sun taɓa komai, kuma dangi suna matsawa a ba su gawa a yi jana'iza kafin la'asar. A cikin wannan ruɗanin ai labarin yake, mai bincike da zai gano gaskiya ta hanyar gulmar mai shayi da matar da ta ga wani ta katanga amma tana tsoron a kira ta shaida. Marubucin fim ɗin Amurka ya kalla ya sauya sunaye kawai.

Haka na tarihi, wai a zamanin Sardauna ake, ga dalar gyada ga jirgin ƙasa, na gyara kwanciya ina murna, sai kawai wani ya zaro naira biyar ya biya ɗan dako. Sardauna a Janairun 1966 aka kashe shi, naira kuwa sai 1973 ta fito, lokacin fam da sule da kwabo ake kashewa. Tambayar tsoho ɗaya a ƙofar gida da ta raba gardama. Daga wannan layin na daina yarda da duk abin da ya faɗa min, ko da gaskiya ne. Akwai kuma wani da na rufe a feji na uku saboda batsa tsirara, na ce da uwargida wannan kam ki duba wayar yaran nan, don abin da ke yawo daga waya zuwa waya ba ya bi ta hannun kowa kafin ya iso.

Na ƙarshe da na karanta dogo a kan masu garkuwa da mutane ne, wani ƙauye a yankin Zamfara. Na ɗauka zan ga harbe-harbe, ashe kusan duk labarin a gidan waɗanda aka bari yake. Yadda ake sayar da gona da shanun huɗa a haɗa kuɗin fansa, yadda ake yawo da faranti a masallaci bayan Juma'a, yadda wayar gidan take zama abin tsoro kowa yana so ta yi ƙara kuma yana tsoron ta yi, sannan a kai kuɗin su ce saura babur da katin waya. Wajen da matar ta dawo bayan wata uku, mata suka cika gida ana barka amma ba mai iya haɗa ido da ita, mijin kuma ya rasa tambayar da zai yi, nan kam hawaye na yi, uwargida ta shigo da kunu ta gan ni ta yi kamar ba ta gani ba, Allah Ya saka mata.

A tsakani na riƙa sauraron gajerun labaran Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla, kuma nan na ga amfanin a ƙayyade wa mutum kalmomi. Labarin da za a karanta cikin 'yan mintuna ba shi da wajen bayanin turare, dole a shiga magana kai tsaye. Da ma ai rubutun nobel na Hausa da gasa ya fara, wadda aka shirya a Zariya a 1933, kuma littattafan da suka fito daga cikinta duk sirara ne amma har yau ana karanta su a makarantu. Na so in samu na kimiyya irin na tafiya sararin samaniya, na tambaya an rasa wanda zai turo min sabo ko ɗaya.

Yanzu na koma shago da 'yar sandata ina ɗingishi. Shekaranjiya uwargida ta ga alat na naira 500 ya fita daga asusuna da sassafe, ta ce, "Malam, wannan kuma na mene ne?" Na ce wata ce ta fara sabon labari a kan masu aikatau, feji goman farko a tashar mota kawai ake amma ta san tashar har warinta. Ta ce to idan an saki na yau in tura mata, kuma kar in kuskura in faɗa mata abin da ya faru.