Abin da fari ya tona a gonar Ailan

Yau na ci karo da wani hoto da aka ɗauka da jirgi mara matuƙi a Ailan, kusa da Newgrange, wani tsohon kabari na zamanin dutse, lokacin farin da aka yi a 2018. Gona ta bushe ta yi ruwan ɗorawa, amma ga wani ƙaton da'ira ya fito kore shar a cikinta. Ashe shinge ne da mutanen zamanin dutse suka kafa fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

Na daɗe ina kallonsa. Ramin da suka haƙa, ko gurbin da suka kafa gungume, ƙasar da ta cike shi ta fi riƙe danshi, sai shukar wurin ta fi tsawo ta jima ba ta bushe ba. Inda dutse ke binne kuwa, saiwa ba ta samun shiga, a nan shukar take fara ƙonewa. Da haka ake gano tsoffin iyakokin gonaki a Ingila, alhali mai noman wurin yana tafiya a kai bai sani ba. Wallahi tun ɗazu tunanina na kan wahalar mutanen da suka haƙa ramukan nan da ƙahon barewa, babu ƙarfe ko ɗaya a hannunsu.