Yadda na liƙe gardabun babur ɗina da wuta

Babur ɗina Yamaha DT 125 ne, tsoho amma shi ke kai ni ƙauyuka sayen aya da riɗi, can bayan Madarunfa inda ba kwalta sai rairai da kwazazzabai. Damanar da ta wuce na zame cikin wani kwari, ni ban ji ciwo ba alhamdulillahi, amma gardabun gaba ya tsage tun daga wurin noti har kusan rabi. Na zaga kasuwa ban samu na asali ba, wanda na samu ramukanshi ba su yi daidai ba, kuma wallahi raina bai so in jefar da nawa.

Da farko sufa gulu na sa, ko Jiratawa ban kai ba ya ɓalle. Sai na ari ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo, na yanko bakin wani tsohon bido na narka kan tsagar, ya yi kyau a ido, bayan kwana ukku na sa farce sai ga shi ya ɗago gaba ɗai kamar ɓawon gyaɗa. Abin ya ɓata min rai sosai.

Wani dattijo mai liƙin bokiti da kujerun roba a unguwarmu na kai ma. Ya juya gardabun ya goge laka da hannun riga ya nuna min wasu haruffa daga ciki, PP. Ya ce "ɗana, roba dangi-dangi ce, bido PE ne, wanga kuwa PP, ko ka kwana kana narka su ba su zama jini ɗaya." Na ce baba to in babu rubutu hwa? Ya ce yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa, PP na tasowa sama, ABS kuwa irin wadda ake rufe jikin wasu babura da ita nutsewa take, in ka ƙona ta ma baƙin hayaƙi take yi. Nan na gane dalilin da gulu bai kama ba, PP santsi gare ta, gam ba ya riƙe ta.

Na koma gida na samu wani mataccen gardabu mai PP na yayyanka shi siri-siri kamar tsinke. Na wanke nawa da sabulu ya bushe, na kankare saman da rana ta cinye har ya yi fari, don wannan saman da ya mutu ba ya narkewa da kyau. Na huda ɗan rami a ƙarshen tsagar kada ta ci gaba da tahiya, na fafe tsagar daga ciki ta zama kamar kwalbati, na ɗiga wuri huɗu ya riƙe kansa, sannan na bi a hankali.

Wurin wutar nan ne aikin yake. PP na narkewa wajen digiri 160 da ɗan abu, ƙarfen dalma kuwa ya fi haka zafi nesa, in ka tsaya wuri ɗaya sai ta yi hayaƙi ta ƙone, kuma robar da ta ƙone ƙaras take karyewa. Dole tsinken da jikin gardabun su narke tare ka cuɗa su, in ka ɗiga daga sama kawai ka koma ga aikin bido. Ni nakan zare ƙarfen daga kuran in ya yi zafi da yawa in maida. Kusa da noti inda girgiza ta fi yawa na nutsa ɗan yankin ragar ƙarfe irin ta taga cikin robar na rufe ta. A tsakar gida na yi, hayaƙin nan ba na shaƙa cikin ɗaki ba ne, kuma na bar shi ya huce da kansa ban zuba ruwa ba.

Tabon na nan ana ganinshi daga waje. Tun lokacin na je Tasawa na dawo ta hanyar daji sau da yawa, duk safiya kafin in tada babur sai na lanƙwasa wurin da hannu in duba, har yau bai buɗe ba.