Ranar da muka sauya tukunyar gas a jirgi

Shekara uku ina dafa wa ma'aikatan wani jirgin kamun kifi abinci a Legas, da tukunyar gas ta ƙarfe mai kilo 12.5. Iskar teku ba ta raga wa ƙarfe. Kafin damina biyu gindinta ya yi jajir, tsatsa na zubowa kamar garin barkono. Ranar da na ɗaga ta na ga ƙasan yana ɓarewa, na ce wa mai jirgi, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta kai mu azumi ba."

Ya so ya sayo ta alminiyom, tsada ta kore shi. Sai ya kawo ta fayiba, ƙirar Ragasco ta ƙasar Norway: roba ce a ciki, an naɗe ta da zaren gilas, an sa mata riga a waje. In ba gas, nauyinta kusan rabin na ƙarfe ne. Amma abin da ya saye ni shi ne ganin gas ɗin. Ka haska ta da tocila, ga ruwan nan yana rawa a ciki, ka san inda ya tsaya. A da kuwa girgizawa nake ina canki-canka, har sau biyu wuta ta mutu mini a tsakiyar teku, shinkafa ba ta ko tsotse ba.

Wautarmu ɗaya, ba mu auna akwatin ajiyarta ba. Ta fi tsohuwar faɗi, ta ƙi shiga. Yaran jirgin suka ce a cusa ta ƙarƙashin benci kawai. Na ƙi. Gas ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo, gangarawa yake ƙasan jirgi ya kwanta kusa da inji da batir, tartsatsi ɗaya yake jira. Shi ya sa akwatin ke da rami a ƙasa mai fitar da shi waje. Kwana huɗu tana ɗaure a fili kafin kafinta ya faɗaɗa akwatin.

Mai ɗura gas ma da farko ya noƙe, wai bai taɓa cika roba ba, sai da ya karanta tambarin jikinta.

Wata bakwai ke nan babu ɗigon tsatsa a jikinta. Bakinta dai tagulla ne, ya fara kore, regileta kuma, wato abin da ke daidaita fitar gas, na sauya ɗaya. Duk ranar da za mu fita, ruwan sabulu nake shafawa a mahaɗar tiyo in tsaya ina kallon kumfa.